Filin Tambayoyinku: Sadaka, Talla da Amana a Kafafen Sada Zumunta

Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi: kuɗin taimakon da ake nema ta waya, jarumai da mawaƙan da ke rabon kuɗi ko talla a shafukansu, da ƙungiyoyin agajin da ke ɗora hotunan waɗanda suka taimaka wa. Kafin mu shiga amsa, ga abin da muke ganin shi ne tushen matsalar. A da, idan wani ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, liman ne zai miƙe bayan an sallame salla ya ce ɗan'uwanku wane yana kwance a asibiti. Duk wanda ke sahu ya san gidan, ya san iyalinsa, ya san mai unguwar da zai tambaya. Abin da za a tara bai taka kara ya karya ba, amma shaidu sun yi yawa. Yau saƙo ɗaya kan kai ga mutum dubu goma kafin la'asar, kuɗi su shigo daga Legas, daga Jidda, daga Landan, alhali babu ko mutum ɗaya a cikin masu turowa da ya taɓa ganin ƙofar gidan. Yawancin shawarwarin da ke ƙasa hanyoyi ne na dawo da shaidun nan da waya ta bari a baya.

Assalamu alaikum. Kusan kullum sai an turo hoton mara lafiya a zauren WhatsApp na danginmu, da lambar asusu a ƙasa, an rubuta a taimaka don Allah. Zuciyata ba ta iya wucewa, amma 'yata ta ce damfara ce. Ta yaya zan gane na gaskiya?
Wata uwa daga Gwale, Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara miki tausayi, kada kuma wannan magana ta rufe miki hannu. Akwai roƙon gaskiya da yawa, akwai na ƙarya, kuma a ido kamarsu ɗaya. Minti goma na bincike ya isa ya raba miki yawancinsu.

Ki fara da rubutun kansa. Roƙon gaskiya yana ɗauke da kwanan wata, sunan asibiti, ɗakin da aka kwantar da mara lafiyar, aikin da likita ya ce za a yi masa, nawa ake nema, nawa aka riga aka samu, da lambar wayar wanda za a kira. Wanda ya zo da hoto da lambar asusu kawai, tare da "kada ka wuce ba ka tura wa mutum goma ba", ki ajiye shi gefe tukuna. Kwanan watan ya fi komai muhimmanci, domin saƙon WhatsApp ba ya mutuwa. Akan yi roƙo na gaskiya, a yi aikin, mara lafiya ya warke ko Allah ya karɓi abinsa, amma saƙon ya ci gaba da yawo shekara biyu ko uku, kuɗi na ta faɗawa cikin asusun. Wani lokacin ma ɓata-gari kan ɗauki saƙon gaskiya, su goge lambar asusun su sa tasu, sauran rubutun ko wasali ba su taɓa ba. Idan kin ga kibiya biyu a saman saƙo, WhatsApp na sanar da ke cewa ya ratsa hannu biyar ko fiye kafin ya iso gare ki. Wanda ya turo miki a zauren dangi, ki tambaye shi kai tsaye: kai ka san su, ko turo maka aka yi?

Sai sunan mai asusu. Lambar asusu a Najeriya lamba goma ce, kuma da zarar an shigar da ita a manhajar banki ko wajen mai POS, sunan mai ita zai fito kafin kuɗi su fita. Ki tsaya ki karanta. In an ce mara lafiyar yarinya ce 'yar Kano, sunan da ya fito kuma ba na ubanta ba, ba na uwarta ba, ba na wata ƙungiya da aka ambata a saƙon ba, sai an yi miki bayani. Akwai dalilai na gaskiya, kamar a ce iyayen ba su da asusu sai na maƙwabci, amma mai gaskiya zai faɗi haka ba tare da ɓacin rai ba.

Hoton ma yana magana. Ki sa 'yarki ta ajiye shi a waya, ta buɗe manhajar Google, ta taɓa alamar kyamarar da ke gefen wurin rubutu, ta zaɓi hoton. Wannan shi ne Google Lens, zai nuna wuraren da hoton ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa sai a tarar yaron da aka ce yana kwance a Kano, hotonsa ya fito shekarun baya a wata jarida ta wata ƙasa. Sai dai a kula: in binciken bai nuna komai ba, wannan bai wanke hoton ba, musamman yanzu da ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar AI, ke iya zana mara lafiyar da ba a taɓa haifa ba.

Daga nan ki kira lambar. Ki tambayi wane ɗaki, gado na nawa, yaushe ake barin 'yan dubiya su shiga. Ki ce za ki aiko ɗanki ya duba su. Wanda ke jinya da gaske murna zai yi, domin ɗan dubiya ba ya zuwa hannu rabbana. Maƙaryaci kuwa nan take zai ce an hana shiga, ko an mayar da su wani gari, ko ya ce in ba a biya kafin ƙarfe biyu ba yaron zai mutu. Gaggawar nan da gangan ake ƙirƙira ta don kada ki samu sukunin tunani.

Hanyar da muka fi natsuwa da ita, in kuɗin da za ki bayar masu kauri ne, ita ce ki biya asibiti da kanki. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, suna da sashen kula da marasa galihu, kuma ma'aikatansa sun san wanda aka rubuta wa aiki ya kasa biya. Da lambar katin mara lafiya ana iya biya a wurin karɓar kuɗi a karɓi rasit. Asibitocin tarayya da dama suna fitar da lambar biya ta Remita, wadda za a iya biya daga ko'ina, kuɗin su tafi asusun gwamnati ba aljihun kowa ba. Haka ma magani: ki karɓi takardar likita ki saya a kemis ki aika.

Mu matasan unguwa ne. Maƙwabcinmu na buƙatar tiyata ta naira miliyan uku, muna son mu nemi taimako a Facebook da WhatsApp. Ta ina za mu fara don kada a zarge mu?
Wani matashi daga Tudun Wada, Zariya

Madalla da ku, Malam, musamman da kuka yi tunanin zargi tun kafin kobo ya shigo. Yawancin gidauniyoyin da ke watsewa da faɗa ba sata ce ke rusa su ba, rashin rubutu ne.

Abu na farko izinin mai ciwon, ko na waliyyinsa in ba ya cikin hayyacinsa. Ku zauna da shi ku karanta masa abin da za ku wallafa kalma da kalma, ku nuna masa hoton. Akwai cututtukan da mutum ba ya son duniya ta ji sunansu, kuma yana da haƙƙin a ce "tiyata a ciki" kawai. Ku karɓi takardar asibiti mai nuna kuɗin aikin, amma kafin ku ɗora ta ku rufe lambar kati da adireshin gida.

Na biyu asusu, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kada ku yi amfani da asusun da wani ke karɓar albashi ko cinikin shagonsa da shi, domin kuɗi za su cakuɗe, ranar lissafi kuma babu mai iya rantsuwa a kan wane ne na wa. Ku ware asusu guda don wannan aiki, zai fi kyau na haɗin gwiwa wanda sai mutum biyu sun amince kuɗi ke fita, ɗaya daga dangin mara lafiya, ɗaya daga cikinku. Sannan ku tambayi banki matakin asusun. A tsarin Babban Bankin Najeriya, asusun mataki na ɗaya ba ya riƙe sama da naira 300,000, na biyu naira 500,000, na uku ne ba shi da iyaka. In kun wallafa ƙaramin asusu kuna neman miliyan uku, tun ranar farko tiransfa za ta fara komawa ga masu ita ko banki ya ɗaure asusun, daidai lokacin da jama'a ke da zafin bayarwa. Wannan zafin kwana biyu zuwa uku yake yi, in ya huce da wuya ya dawo. Ku ɗaga matakin da BVN, NIN da shaidar adireshi kafin ku yi sanarwa.

Na uku, a cikin sanarwar farko ku faɗi ranar rufewa, ku kuma faɗi inda rarar kuɗi za ta tafi in an tara fiye da buƙata, ko in Allah ya yi wa mara lafiyar rasuwa kafin aiki. Magana ce mai nauyi a baki, amma ita ce ke raba zumunci in ba a yi ta da wuri ba: dangi su ce gadonsu ne, masu tarawa su ce na wani mara lafiyar ne, masu bayarwa su ce ba don haka suka bayar ba. Ku nemi kuma duk wanda kuɗinsa na zakka ne ya faɗa, ku rubuta su daban, domin zakka tana da masu ita, kashi takwas ɗin da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Ba da ita za a sayi data ko a biya kuɗin mota ba sai kun tambayi malami.

Kowane dare ku fitar da lissafi a wurin da kuka yi roƙon: jiya an kwana da kaza, yau kaza ya shigo, an biya kaza na gwajin jini ga rasit, saura kaza. Ku dogara da abin da manhajar banki ta nuna, kada ku ƙirga hoton rasit ɗin da mutane ke turowa ko alat na saƙon tes, domin duka biyun ana ƙirƙirar na bogi. Ku rubuta har harajin naira 50 da ake cirewa a kan tiransfar da ta kai naira 10,000 da sauran cajin banki. Ƙananan kuɗi ne, amma su ne ke sa lissafi ya ƙi daidaita a ƙarshe. In za ku nuna bayanin asusu, ku rufe sunayen masu bayarwa, da yawansu ba sa son a sani.

Ranar da kuɗi suka cika, ku koma kan asalin sanarwar ku gyara ta, ku rubuta AN RUFE da kwanan wata a layin farko, ku goge lambar asusun. Sabuwar sanarwar godiya kaɗai ba ta isa ba, tsohuwar ce ke ci gaba da yawo.

In kuna da 'yan'uwa a waje da suka ce a buɗe GoFundMe, shafin tara gudunmawa a intanet, ku sani ba ya biyan kuɗi zuwa asusun Najeriya. Sai an samu wani a ƙasar da yake aiki, kamar Amurka ko Ingila, ya karɓa a asusunsa ya turo, bayan an cire caji, wanda a Amurka kashi 2.9 cikin ɗari ne da santi 30 a kan kowace gudunmawa. Ma'ana amanar gaba ɗaya ta koma hannun mutum ɗaya, don haka ku zaɓe shi da kyau. In kuma kuka ga aikin zai ɗore har ku riƙa taimakon wasu, ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Da takardar za ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, kuma bankuna kan nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC.

Ƙungiyarmu ta mata tana rabon abinci da azumi. Masu ba mu kuɗi suna son ganin hotuna, amma wasu daga cikinmu na ganin tozarci ne da riya. Wa ke da gaskiya?
Sakatariyar wata ƙungiya daga Sakkwato

Hajiya, kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Alƙur'ani a aya ta 271 ta Suratul Baƙara ya yaba wa bayyana sadaka, ya kuma ce ɓoye ta a bai wa matalauta ya fi alheri. Aya ta 264 a surar ta yi kashedi kan ɓata sadaka da gori da cutarwa. Ƙungiyar da ke aiki da kuɗin mutane dole ta nuna inda suka tafi, wannan amana ce, ba riya ba. Amma abin da aka ba ku damar bayyanawa shi ne aikinku. Fuskar mabuƙaci tasa ce, ba ta cikin abin da mai ba da kuɗi ya saya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin rabo ya san abin da muke nufi. Mace ce a layi, mijinta ya rasu, an miƙo mata leda, sai aka ce ta tsaya tukuna, ta juyo nan, ta ɗaga ledar sama. Hannu ɗaya na riƙe da shinkafa, ɗayan na jan hijabi yana rufe rabin fuska, idonta na ƙasa. Ba za ta ce a'a ba, yara na gida suna jiran buɗa-baki. Da daddare hoton ya shiga wayar dangin mijinta, da ta kishiyar ƙanwarta, da ta 'yan ajin ɗanta. Hoton da ya shiga intanet ba ya fita, ko kun goge naku wani ya riga ya ajiye. Bayan shekara goma, ranar da aka zo neman auren 'yarta, yana nan.

Shi ya sa muke cewa izinin da aka nema alhali buhu na hannun mai nema ba izini ba ne. Ku ba da kayan tukuna, mutum ya riƙe abinsa, sannan wata dabam ta tambaye shi a gefe ko ya yarda a ɗauke shi, a gaya masa inda za a sa hoton, a kuma tabbatar masa cewa ƙin yarda ba zai cire sunansa daga rabon baɗi ba. Yara kuwa sai da yardar iyaye ko mai riƙonsu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tanadi haka, ta kuma sa bayanan lafiyar mutum cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Marayu, masu taɓin hankali, matan da aka ci wa zarafi da masu yoyon fitsari, shawararmu kada a nuna fuskarsu sam, ko da an ce an yarda.

Masu ba da kuɗi kuma akwai abin da ya fi fuska gamsar da su. Ku ɗauki hoton buhuna a sito da rasit ɗin ɗan kasuwa, hoton awo, hoton masu aikinku suna ƙullawa, hoton layi daga baya ko daga nesa, hannu yana miƙa wa hannu. Ku haɗa da lissafin da kowa zai iya bi: buhu 40 mai kilo 50, kowane gida kilo 5, gida 400 ke nan, a unguwanni kaza, ranar kaza, a gaban mai unguwa. Rajistar sunaye da sa hannu ko dangwalen yatsa ku ajiye ta a ofis, duk mai bayarwar da ke son gani ya zo ya gani ko ya aiko wakili. Wanda ya ce shi sai ya ga hawaye zai ba da kuɗi, ku yi masa bayani cikin ladabi, in ya ƙi ku haƙura da kuɗinsa.

Wani shafi mai sunan wata jaruma ya ce na ci naira 100,000 a rabon da take yi, amma in tura 5,000 kuɗin rajista. Shafin na da hotunanta duka. Kuma shin duk abin da jarumai ke talla an tantance shi?
Wani ɗalibi daga Katsina

Kada ka tura ko sisi, ɗan'uwa. Kyautar da sai ka biya za a ba ka, tarko ce. Hotuna kuwa kowa na iya kwashe su cikin rabin awa ya buɗe shafi da sunan da ya bambanta da na asali da ɗigo ɗaya ko harafi ɗaya. Masu wannan sana'a suna zaune ne a ƙarƙashin sanarwar jarumin na gaske, suna bin masu sharhi ɗaya bayan ɗaya. A Facebook ka duba sashen bayanin asalin shafi, zai nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amsawa. Instagram ma yana nuna watan da aka buɗe shafi da ƙasar da yake. Jarumar da ta shekara goma tana fim, shafinta ba zai zama ɗan mako uku ba.

Akwai haɗarin da mutane ba su lura da shi ba a wannan al'ada ta jera lambar asusu a ƙarƙashin hoton mai kuɗi. A OPay da PalmPay, lambar asusun mutum galibi lambar wayarsa ce da aka cire sifilin farko. Ka ba duniya lambar wayarka, cikakken sunanka da bankinka a layi ɗaya, ka kuma sanar cewa kana cikin buƙata. Gobe wani ya kira ka da sunanka ya ce daga banki ne, ya nemi lambar sirrin da aka turo maka ko lambobin jikin katin ATM. Banki ba ya neman waɗannan a waya.

Shuɗiyar alamar tantancewa ma ta rage daraja. Tun 2023 ana biyan kuɗin wata a same ta a X, da Facebook da Instagram. Ba ta shaidar halin mai shafin.

Akwai shahararrun da suka nuna yadda ake yi. A Nuwamban 2021 mawaƙi Davido ya nemi abokansa su turo masa kuɗi don zagayowar ranar haihuwarsa, naira miliyan 200 suka taru cikin 'yan kwanaki. Ya ƙara miliyan 50 daga aljihunsa, ya ce duka na gidajen marayu ne, ya naɗa kwamiti, a Fabrairun 2022 aka fitar da sunayen gidaje 292 da aka raba wa. Abin koyi a nan shi ne kwamiti da jerin sunayen da kowa zai iya bi ya tambaya.

Talla kuwa, a'a, ba duka aka tantance ba. A doka, hukumar ARCON da aka kafa a 2022 ce ke duba talla kafin ya fita, har da na intanet, kuma magani ko abin sha sai da lambar NAFDAC, harkar zuba jari sai da rajistar hukumar SEC. A aikace, da yawa waya kawai ake ɗagawa a karanta abin da mai kaya ya rubuto. A Amurka, a Oktoban 2022, tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta biya hukuma dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto a Instagram ba ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. Mu nan mun ga tsare-tsaren zuba jari na bogi da suka rushe da kuɗin jama'a, MMM a 2016 da CBEX a Afrilun 2025, kuma irin waɗannan tsare-tsare da bakin mutanen da aka yarda da su suke shiga gidaje. Kiranmu ga jarumanmu da masu mabiya da yawa: ku riƙa faɗa a fili cewa talla ne an biya ku, ku nemi takardun hukuma ku duba lambar da kanku, maganin da ba za ku ba mahaifiyarku ba kada ku ce mahaifiyar wani ta sha. Matar da ta sayar da akuyarta ta zuba kuɗin, fuskarku ta gani, ba ta san mai kamfanin ba.

Gaskiya ne in an yaɗa hoton mara lafiya ko an rubuta amin, Facebook na ba shi kuɗi? Kyautar da ake aikawa a TikTok fa, tana isa?
Wata 'yar'uwa daga Maraɗi

Ba gaskiya ba ne, 'yar'uwa. Masu irin wannan rubutu mabiya suke tarawa da hoton ɗan wani, in shafi ya cika su sauya masa suna su sayar ko su fara talla. Addu'a ki yi ta tsakaninki da Allah, ba ta buƙatar akwatin sharhi.

Yaɗawa na da amfani in an ɗaura ta da wani aiki takamaimai. A 2014 an yi yayin sheƙa ruwan ƙanƙara a ka don cutar ALS da ke kashe jijiyoyin motsi, ƙungiyar ALS ta Amurka ta samu dala miliyan 115, domin bidiyoyi da yawa na ɗauke da sunan inda za a kai kuɗi da sunan wanda aka ƙalubalanta ya biyo baya. A shekarar ce kuma maudu'in neman a dawo da 'yan matan Chibok 276 ya zagaye duniya har Michelle Obama, matar shugaban Amurka na lokacin, ta ɗaga allonsa. Ya sa duniya ta waiwayo, amma har yau akwai gommai da ba su dawo gida ba.

Kyautar TikTok kuwa tana zubewa a hanya. A binciken da BBC ta yi a 2022 a sansanonin 'yan gudun hijirar Siriya, inda iyalai ke bara kai tsaye a TikTok, an aika kyautar dala 106, dala 33 ce ta bayyana a asusun wanda aka aika wa, bayan mai canji da dillalin da ya ba da waya sun cire nasu, abin da zai rage wa iyali dala 19 ne. In kin tabbatar da mutum, ki aika masa kai tsaye ta kamfanin aika kuɗi irin Nita ko Amana, ko ta banki, da sunansa.

An ƙwace WhatsApp ɗin ma'ajin ƙungiyarmu, ana ta roƙon kuɗi da sunansa. Yaya za mu yi?
Shugaban wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai daga Jos

Ranka ya daɗe, a yi sauri. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne: wani ya kira ya ce akwai taron ƙungiya ta intanet da daddare, an turo maka lamba shida, karanto min in sa ka a ciki. Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗin mutum.

Tunda layin na hannun ma'aji, ya sake shigar da lambarsa a WhatsApp, a turo masa sabuwar lamba shida ta tes, ya shigar. Da ya yi haka an fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya sa lambar sirri ta mataki na biyu, ma'aji zai jira kwana 7 kafin ya shiga, amma shi ma ɓarawon yana waje a tsawon kwanakin. Kafin nan wani mai kula da zaure ya cire lambar ma'ajin daga duk zaurukan ƙungiya, a sanar da mambobi ta kiran waya da saƙon murya, domin rubutu ba a san wa ya yi shi ba. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya je bankinsa a ranar da shaidar tiransfa, ya nemi a sanar da bankin da ya karɓa don a ɗaure asusun, ya kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, saboda mayar da kuɗin kan buƙaci umarnin kotu. In banki ya yi mako biyu bai ce komai ba, a kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

In ma'aji ya dawo da shafinsa, ya duba jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinsa ya fitar da duk wadda bai sani ba, sannan ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya sa lambar sirri shida da adireshin imel. Duk masu riƙe da muƙami su yi haka a zama ɗaya, kowa ya nuna wa na kusa da shi ya kunna. Ku kuma rubuta a bayanin zaure cewa asusun ƙungiya ɗaya ne, ga sunansa, kuma ba a sauya shi sai a taron da aka ga juna ido da ido.